Ina ruwan lissafi da addini? Amsa ga ɗalibin da kawunsa ke so ya canza kwas

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a aji biyu a jami'a, ina karanta lissafi. Kawuna, wanda shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, kullum yana ce mini karatun nan na duniya ne kawai, ba zai bi ni kabari ba, gara in koma sashen Shari'a ko Larabci. Ina jin nauyinsa, ni kaina kuma na fara kokwanto. Shin da gaske addini ba ruwansa da irin wannan karatu? In akwai alaƙa, a ina take, kuma me ya kamata in yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka, ɗana, ya saka wa kawunka da alheri bisa riƙon da ya yi maka. Tambayarka gida biyu ce: ko akwai inda addini ke buƙatar lissafi da danginsa na kimiyya, sai kuma ko ka bar kwas ɗinka. Zan fi daɗewa a ta farko, domin in ta fito fili ta biyun ba ta da wuya.

Kowane hukuncin fiƙihu da ƙafa biyu yake tsayawa. Ɗaya ita ce nassi da abin da malamai suka fahimta daga gare shi, ɗayar kuma ita ce halin da abu yake ciki a ƙasa. Nassi ya ce a fuskanci Ka'aba, amma bai nuna inda Ka'aba take daga Gusau ba. Ya ce mara lafiya ya sha azumi, bai ambaci awon suga ba. Ya ce matar mamaci mai 'ya'ya tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, bai faɗi nawa ne tumunin gida mai ɗaki 6 da shago 2 ba. Malaman usulu suna kiran aikin ƙafa ta biyu tahƙiƙul manaɗi, wato tabbatar da cewa abin da aka rataya hukunci a kansa ya auku a wannan wuri. Imam Shaɗibi ya bayyana cewa wannan aiki sanin abin kansa yake buƙata, shi ya sa ake komawa ga likita a kan cuta, ga ɗan kasuwa a kan farashi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, wato wajiban da in wasu suka yi sun ɗauke wa saura, kuma dalilin da ya kawo wa lissafi shi ne ciniki da rabon wasiyya da gado. A abin da muke gani wajen rabon gado da fitar da zakka, yawancin ɓarna daga ƙafa ta biyu take zuwa. Ayar kowa ya haddace ta, adadin da aka ɗora ta a kai ne ba daidai ba.

Magabata ba su raba biyun ba. Littafin da Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, wanda daga sunansa aka samo kalmar aljabra da kake karantawa, babban kaso daga cikinsa mas'alolin wasiyya da gado ne. Ibn Shaɗir, wanda ya rasu a 1375, aikinsa tsayar da lokutan salla a babban masallacin Dimashƙa, kuma yana cikin manyan masana taurari na zamaninsa. Mu ma nan muna da namu: Muhammad bn Muhammad Al-Fulani Al-Katsinawi, wanda ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Gado, inda lissafi ya fi fitowa fili

Kasonnin da Alƙur'ani ya yanka a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176, guda 6 ne: rabi, rubu'i (ɗaya bisa 4), tumuni (ɗaya bisa 8), sulusi biyu (biyu bisa 3), sulusi (ɗaya bisa 3), sudusi (ɗaya bisa 6). Kafin a taɓa su akwai tsari. A fara da haƙƙin da ke maƙale da wani abu na dukiyar, kamar jingina. Sai kuɗin shirya gawa, sai bashi, sai wasiyya muddin ba ta wuce sulusi ba kuma ba ga magaji aka yi ta ba. Abin da ya saura shi ne gado.

Ga misali. Mutum ya rasu ya bar mata 1, mahaifiya, 'ya'ya maza 2 da mata 3, kuma bayan an fitar da komai saura naira 16,800,000. Matar tana da tumuni, uwar tana da sudusi. Ƙaramin adadin da 8 da 6 ke shiga cikinsa shi ne 24, shi ake kira asalin mas'ala. Mata ta ɗauki 3, uwa ta ɗauki 4, saura 17 na 'ya'ya. Namiji kai biyu ne, mace kai ɗaya, kawuna 7 ke nan, kuma 17 ba ya rabuwa gida 7. Sai a yi tas'hihi: a ninka 24 sau 7, ya zama 168. Yanzu mata 21, uwa 28, kowane ɗa 34, kowace 'ya 17. Raba dukiyar gida 168, kowane kaso naira 100,000: mata 2,100,000, uwa 2,800,000, kowane ɗa 3,400,000, kowace 'ya 1,700,000. Ka tara su ka gani, ba ragi ba ƙari. Duk wanda ya raba gado bai sake tarawa ya gwada da jimilla ba, bai gama aiki ba.

Wani lokaci kasonnin kan fi dukiyar yawa. Mata, 'ya'ya mata 2, uba da uwa: 3 da 16 da 4 da 4, jimilla 27 bisa 24. Maganinsa auli, a ɗaga asalin daga 24 zuwa 27, ragin ya shafi kowa gwargwadon kasonsa. Wannan ita ce mas'alar da ake kira Mimbariyya, wadda aka ruwaito an tambayi Sayyidina Ali yana kan mumbari ya ce tumunin matar ya koma tusu'i, domin 3 bisa 27 ɗaya bisa tara ne.

Wannan duk mai sauƙi ne a takarda. Wahalar tana farawa ne daga jinkiri. A misalinmu na farko, a ce an bar gidan ba a raba ba shekara 10, don kunya ko don "kada gida ya watse", sai mahaifiyar ta rasu. Kasonta 28 bisa 168 ba jikokin nan zai koma wa ba matuƙar tana da wani ɗa namiji a raye, domin ɗa yana katange jika. Ke nan baffannin yaran, waɗanda ba su da ko sisi a gadon farko, yanzu sun mallaki sudusin gidan. In ɗaya daga cikin baffannin ya rasu shi ma, matansa da 'ya'yansa sun shigo. Wannan shi ake kira munasaha, gado cikin gado, kuma bayan mutuwa 3 ko 4 asalin mas'ala kan kai dubbai. A nan ne malami mai karatu sosai amma mara ƙarfin lissafi yake tuntuɓe, a nan ne kuma ake buƙatar irinka.

Sai ƙiyasta kadara. Gida ba ya yankuwa gida 168, dole a yi masa kuɗi, kuma kuɗin ranar rabo, ba na ranar rasuwa ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a yi wa gida kuɗi bana, maza su riƙe gidan, a ce za a biya mata kasonsu a hankali. Kafin a gama biya naira ta faɗi, gida ya tashi, an cuci matan ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba. In za a sayi kason wani, a biya nan take, ko a sake ƙiyasi ranar biya. Gona ma haka. A ja igiya a raba ta daidai da faɗi ba adalci ba ne idan gefe ɗaya fadama ne ɗaya tudu, ko ɗaya yana bakin titi. Fiƙihu ya ce a daidaita ƙima tukuna, sannan a jefa ƙuri'a. Daidaita ƙimar aikin safiyo ne da mai ƙiyasin kadara. Ƙiyasin dillali ɗaya bai isa ba, musamman in shi ne zai samu la'ada.

Likita ma yana da kujera a zaman gado, ko da ba a gayyace shi ba. Idan miji da mata suka rasu a haɗarin mota ɗaya kuma ba a san wanda ya riga wani ba, ba sa gadon juna. In kuwa takardar asibiti ta nuna shi ya cika a wurin, ita ta kai asuba, to ta gaje shi, kason nata kuma ya wuce ga danginta. Awa 3 kan juya rabon gaba ɗaya. Idan matar mamaci tana da ciki, a mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabo sai ta haihu, kuma jaririn ba ya gado sai an tabbatar ya zo da rai, shi ya sa shaidar ungozoma a kan kukansa take da nauyi. Kyautar da mutum ya yi cikin ciwon ajali ba ta wuce sulusi, matar da ya sake ta yana cikin wannan ciwo tana gadonsa ko da idda ta ƙare. Wane ciwo ne ake tsoron mutuwa daga gare shi a galibi? Wannan tambaya ce ta likitanci.

Ƙari guda: sunan da mamaci ya rubuta a fom ɗin banki ko na wurin aiki a matsayin ɗan'uwa mafi kusa ba ya mayar da mai sunan magaji shi kaɗai. Kuɗin da ke asusun mamaci dukiyar gado ce, wanda ya karɓo wakili ne.

Zakka da ma'auni

Nisabin zinare, wato adadin da in ya kai zakka ke wajaba, dinari 20 ne, wanda aka fi ƙaddarawa da giram 85. Na azurfa dirhami 200, kimanin giram 595. Ana fitar da ɗaya bisa 40 in shekara ta zagayo. Sai dai giram 85 na tataccen zinare ake nufi, mai karat 24. Mai karat 21 kashi 87.5 cikin 100 ne zinare, don haka sai ya kai kimanin giram 97 kafin ya cika nisabi, giram 100 na karat 18 kuwa giram 75 ne kawai. Ɗan kasuwa mai juya kaya kullum, wanda Malikiyya ke kira mudiri, yana yi wa hajarsa kuɗi sau ɗaya a shekara da farashin kasuwa na ranar, ya haɗa da tsabar kuɗi da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya cire wanda ake binsa. Mai ajiye kaya yana jiran tsada, muhtakiri, sai ya sayar yake fitar da ta shekara ɗaya. Mutumin da ba ya rubuta shiga da fita ba shi da hanyar yin wannan sai da ka, kuma ƙiyasin ka kusan kullum aljihun mai shi yake karewa.

A amfanin gona nisabi wusuƙi 5 ne, sa'i 300, kowane sa'i mudannabi 4. Adadin da ake yawan ambata, kilo 653, na alkama ne, domin sa'i awon cika ne ba na nauyi ba. Gero da dawa da shanshera kowanne da nauyinsa. Hanya mafi tabbas: a cika mudannabi sau 4 da irin hatsin da aka noma, a ɗora a sikeli, a ninka sau 300. Kwanon awo na kasuwa ba ya shiga wannan lissafi, shi da yake bambanta daga gari zuwa gari. A Malikiyya ba a haɗa gero da dawa don cika nisabi, kowanne jinsi ne daban, shinkafa kuma ana auna ta da ɓawonta. Noman damina ɗaya bisa 10, noman rani da injin ban ruwa ɗaya bisa 20, in rabi da rabi ne kashi 7.5 cikin 100.

Gabas da alƙibla

Mun saba cewa "ya fuskanci gabas" muna nufin alƙibla, har kalmomin biyu suka zama ɗaya a bakinmu. A awo ba ɗaya ba ne. In aka ƙirga daga arewa ana juyawa ta hannun dama, gabas sak digiri 90 ce. Alƙiblar Kano kimanin digiri 68 ce, ta Sakkwato 71, ta Maiduguri 66, ta Yamai 72, ta Legas 63. Wato a Kano sai ka karkata kimanin digiri 22 daga gabas zuwa arewa. Waɗannan adadi daga lissafin kusurwoyi a bisa doron ƙwallo suke fitowa, irin wanda Al-Biruni ya yi amfani da shi ya fitar da alƙiblar garin Gazna kusan shekara 1,000 da suka wuce, kuma kai ma za ka iya da kalkuleta in ka san matsayin garinka da na Makka.

Magini da ya sa harsashin masallaci da mafitar rana ya dogara da abin da ba ya zama wuri ɗaya. A Kano rana tana fitowa wajen digiri 66 a ƙarshen Yuni, dab da alƙibla, amma a ƙarshen Disamba tana fitowa wajen digiri 114. Wanda ya ja layi da hunturu ya kauce da fiye da digiri 40. Kamfas ɗin waya kuma yana ruɗewa kusa da rodi, kwanon rufi, mota ko janareta, abubuwan da wurin gini ke cike da su. Daga Kano zuwa Makka kusan kilomita 3,500 ne, kuskuren digiri 1 yana kautar da kai kusan kilomita 60. Amma kada adadin ya firgita ka: wanda ke nesa ɓangaren da Ka'aba take aka ɗora masa ya fuskanta, ba ainihin ɗakin ba, kuma ƙaramar karkata ba ta ɓata salla. A nan fiƙihu ne yake ja wa lissafi linzami.

Lokaci ma haka. Ƙasa tana juya digiri 1 cikin minti 4. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato kusan digiri 8 ne, fiye da rabin awa ke nan. Basakkwacen da ya sha ruwa da kalandar Kano ya yi buɗa-baki wajen minti 13 kafin faɗuwar ranar garinsu. Ganin wata kuwa, a Najeriya Sarkin Musulmi ne ke sanarwa bayan kwamitinsa ya tantance rahotanni, kuma ilimin taurari yana taimaka wa tantancewar: ba a tabbatar da ganin jinjirin da bai kai kimanin awa 15 da haihuwa ba da ido kawai, kuma in wata ya riga rana faɗuwa babu abin gani. Muhtasar na Halil, babban littafin fiƙihun Malikiyya, shi kansa ya ce in shaidu biyu suka ce sun gani, aka cika kwana 30 sama garau ba a ga sabon wata ba, an ƙaryata su. Mai ciwon suga da likita ya yarje masa azumi, ƙa'idar likitoci ita ce ya karya nan take in awonsa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, wato 3.9 da kimanin 16.6 a na'urar da ke awo da ƙananan lambobi, kuma tsira yatsa don gwaji ba ya karya azumi.

To me za ka yi?

Ra'ayina kada ka bar lissafi, sai fa in zuciyarka da kanta ta koma ga Shari'a, wanda shi ma zaɓi ne mai kyau. Masu karatun Shari'a muna da su da dama, Allah ya ƙara. Waɗanda za su warware munasaha mai mutuwa 4 ba tare da kuskure ba su ne 'yan kaɗan. Fagen aiki ma yana buɗewa: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardun zuba jari marasa ruwa, na naira biliyan 100 a 2017, kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, suna buƙatar masu lissafin haɗari, Jami'ar Bayero kuma tana da cibiyar nazarin banki da hada-hadar kuɗi ta Musulunci ga mai son ci gaba ta nan.

Amma farillar kifaya ba ta ɗauke maka farillar aini, wadda ke kan kowane mutum shi da kansa. Tsarki, salla, azumi, da hukuncin duk cinikin da za ka shiga, dole ka koye su a gaban malami. In ka wuce Ahalari da Ishmawi, ka zauna ka karanta Risala, ka tsaya sosai a babin fara'il, ka haɗa da waƙen Rahabiyya, kana warware mas'ala 2 ko 3 kullum da hannu. Ka fara da sanin wa ke gado, wa ke katange wa, kafin ka taɓa lamba, domin lissafi mai kyau a kan magadan da ba su ba ɓarna ce mai tsari. Ka yi hattara da manhajojin rabon gado na waya. Da yawansu wata mazhaba suke bi: a Hanafiyya kaka na wajen uba yana katange 'yan'uwan mamaci, a Malikiyya yana rabawa da su, kuma akwai saɓani a kan mayar da rarar dukiya ga masu kaso. Adadin da na kawo a nan na koyarwa ne, digirorin kuma an dunƙule su. Gado na gaske, musamman mai jayayya, gaban alƙali ake kai shi, kai kuwa ka zama mai taimaka masa da alƙalami.

Kawunka kuma kada ka ja da shi da baki, babba ne, kuma tsoron da yake yi maka na ƙauna ne. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, da 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27. Ta Mayu ta fi tabbas, don a Yuli hadari kan rufe rana. Ka roƙe shi ya raka ka harabar masallacin unguwarku. Ka daidaita agogo, ka rataye igiya mai dutse a ƙarshenta a kan daɓe shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba gangare, ka jira ta daina lilo. In lokacin ya yi ka ja layi a kan inuwarta. Wanda ya tsaya a ƙarshen inuwar yana kallon igiyar, alƙibla yake kallo. Ku gwada layin da bangon mihrabi. In sun yi daidai ko kusa, shi ke nan. In tazarar tana da yawa, ba a rushe gini, sahu ake karkatarwa, kuma kawun naka ne ya dace ya kai maganar ga liman, a keɓe.